Robobin Ƙafar Tsofaffin Motoci da Wahalar Samun Masu Ƙarko a Kudancin Kano

Kudancin Jihar Kano, wato yankin da ya taso daga Bebeji da Kiru ya ratsa Tudun Wada har ya dangana da Doguwa da duwatsun Riruwai, yana cikin wuraren da tsohuwar mota ba ta samun hutu da wuri, domin ƙasa ce ta noma wadda ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma masara da shinkafa da raken da ake nomawa a can ba su da hanyar isa kasuwa sai a bayan mota. Babban titin da ya rabu da hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada, ya keta dajin Falgore ya nufi Saminaka da Jos, shi ne wanda yankin ya fi dogara a kansa, amma da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan da ke kewaye da Riruwai, garin da ya yi suna wajen haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa, sai a shiga burji da gargada da tsakuwa da ramukan da damina ke ƙara wa faɗi kowace shekara. Da yawa daga cikin motocin da ke wannan aiki, irin su a-kori-kurar Peugeot 504 da aka fi sani da Fijo, da J5, da tsofaffin Golf da Hilux, sun haura shekara 20, wasu ma sun wuce 30.

A Turai mota mai irin waɗannan shekaru ta zama kayan tarihi, har ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ajiye shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin abin da mota za ta kai kafin a lissafa ta cikin motocin tarihi, Jamus kuma tana ba irinsu lamba ta musamman mai harafin H, Birtaniya kuwa tana ɗauke wa wadda ta kai shekara 40 harajin hanya. Mai irin wannan mota a can yana killace ta ne a rumfa, ya fito da ita ranar hutu don sha'awa, alhali takwararta a Doguwa tana tafe da buhunan masara har sun ɗara kan direba tsawo. Duk da wannan bambanci, abu ɗaya ne ya fi ci wa mutanen biyu tuwo a ƙwarya, wato robobin ƙafa, domin ƙarfe ana iya yi masa walda, a miƙe shi, ko a sassaƙa sabo a kan inji, amma roba tana tsufa ko tana aiki ko tana ajiye a kanti, ingancinta kuma ba ya bayyana ga ido a ranar da aka saye ta.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 direba Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka da ita, kuma a wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Fijo a Kakuri da ke Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai. Babban abin da ya ɗaga darajarta a Afirka shi ne ƙafarta mai laushi, wadda ke barin taya ta yi sama da ƙasa sosai ba tare da ta jijjiga na ciki ba. Lokacin da masana'antar Kaduna ke kan ganiyarta, kayan gyara na asali suna samuwa a hannun dillalan kamfanin, amma bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, tsofaffin motocin ƙasar waje da ake kira 'yan Kwatano suka cika hanya, kasuwar kayan gyara kuma ta koma hannun masu shigo da kaya daga ƙasashe daban-daban, kowa da irin ingancin da abokan cinikinsa za su iya biya. Makaniken Tudun Wada ko Doguwa a yau yana samun kayansa ne daga Ƙofar Ruwa a birnin Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kuma ya gangara Jos, su ma waɗannan kasuwanni kaso mai yawa na hajarsu daga Ladipo ta Legas da Nnewi yake zuwa.

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne dukkan kayan da ke haɗa taya da gangar jikin motar, wato sifirin da ke ɗaukar nauyi, ko dai naɗaɗɗe ko kuma mai falle-falle irin na bayan a-kori-kura, da shakazoba mai hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami, da hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya a mazauninta, da sandar da ke rage karkata a kan kwana. Kusan duk inda biyu daga cikin waɗannan ƙarafa suka haɗu akwai roba a tsakani. Mafi muhimmanci ita ce bushin, wadda a mafi yawan lokaci bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, da roba cushe a tsakaninsu. Sai robar kan shakazoba, da matashin da sifirin ke zama a kansa, da dunƙulen da ke tare ƙafa idan lodi ya danne ta har ƙarshe, da rigunan da ke hana ƙura shiga gaɓoɓi. Ko a cikin 504 ɗin kanta waɗannan kaya ba iri ɗaya ba ne, domin a wasu nau'o'in ƙaramar motar kowace tayar baya tana da hannunta daban, wagon kuwa tana da aksil guda mai naɗaɗɗun sifirin huɗu, a-kori-kura kuma sifirin mai falle gare ta, saboda haka wanda ya aika saƙo Kano cewa a sayo masa robar Fijo kawai, bai faɗi abin da zai wadatar da mai kanti ba.

Yadda bushin ke aiki shi ne abin da aka fi jahilta, kuma daga wannan jahilci ne rabin ɓarnar ke fitowa. A bushin irin na asali babu abin da ke zamewa a kan wani, domin robar a manne take da bututun ciki da na waje, ko dai da wani gam na musamman da aka gasa tare da ita, ko kuma da tsananin matsin da aka cusa ta da shi, don haka idan hannun ƙafa ya yi sama ko ƙasa, naman robar ne ke murɗewa ya sake dawowa. Wannan dabara, wadda ta bazu a masana'antar mota tun wajen shekarun 1930 ƙarƙashin sunaye irin su Silentbloc da Metalastik, ta kawar da buƙatar sa giris a gaɓoɓi da yawa, ta kuma rage ƙara da jijjiga, har injiniya Alex Moulton ya kai ga amfani da dunƙulen roba a maimakon sifirin ƙarfe gaba ɗaya a motar Mini ta 1959. Sai dai duk murɗawa ɗaya tana haifar da ɗan zafi a cikin robar, kuma a kan hanya mai gargada, inda taya ke rawa ba ƙaƙƙautawa, wannan zafi yana taruwa fiye da yadda robar ke iya fitar da shi.

Robar asali ƙaro ne da ake tatsa daga wata bishiya mai suna Hevea, wadda asalinta dajin Amazon ne, kuma a ɗanyenta ba ta da amfani ga mota, domin tana danƙo a zafi, tana sandarewa a sanyi. Charles Goodyear ne a Amurka ya gano a 1839 cewa idan aka gauraya ta da farar wuta, wato kibiritu, aka gasa, sai ta zama mai juriya, ya kuma samu takardar mallakar wannan fasaha a 1844. Bayanin abin shi ne, roba tarin zaruruwa ne masu tsawon gaske waɗanda ido ba ya gani, farar wuta kuma tana ƙulla su da juna nan da can kamar yadda masunci ke ƙulla zaren koma, ta yadda za a iya jan su su miƙe amma ba za su rabu ba. Bayan farar wuta akwai wasu abubuwa da dama da ke shiga haɗin. Akwai wani baƙin gari mai laushi irin kunkunniya, wanda ake samu daga ƙona mai nauyi cikin ƙarancin iska, shi ne ke ba roba baƙin launinta da ƙarfin jure yagewa; akwai sinadarin tutiya mai taimaka wa gashin ya kama; akwai kuma kaki na masana'anta da wasu magunguna masu tsada da ke kare roba daga iska. Wannan haɗi sirrin kowane kamfani ne, kuma a cikinsa ne bambancin robar da za ta yi shekara goma da wadda za ta yi wata uku yake.

Mai son rage kuɗin ƙira ba ya taɓa siffar kayan, domin siffa ita ce mai saye ke dubawa. Haɗin yake taɓawa. Yana rage robar kirki ya cike gurbinta da niƙaƙƙiyar tsohuwar taya, ya ƙara alli ko farar laka da mai don abin ya yi auki, ya zubar da magungunan kariya baki ɗaya tunda rashinsu ba zai bayyana ba sai bayan watanni, sannan ya gajarta lokacin gashi don injin ya fitar da guda da yawa a rana. Haka kuma yana iya tsallake wanke ƙarfe da shafa masa gam yadda ya kamata, sai robar ta saki bututun tun ba a je ko'ina ba. Abin da ya fito baƙi ne, girmansa daidai, an saka shi a kwali mai tambarin wani sanannen kamfani, kuma sau da yawa shi kansa ɗan kasuwar da ke sayar da shi a Kano bai san abin da ke cikinsa ba. Saboda haka zargin da direbobi ke yi wa masu kanti cewa su ne ke cutar su yana da gaskiya a wani lokaci, amma ba kullum ba, domin matsalar ta faro tun daga inda aka yi odar kayan, inda mai shigo da su ya nemi a yi masa mafi araha.

Ko robar kirki ma tana da abokan gaba, kuma kusan dukkansu sun taru a kudancin Kano. Na farko shi ne zafi tare da iskar oksijin, waɗanda ke sa roba ta bushe ta taurare, kuma masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Selshiyos yana ninka saurin wannan lalacewa kusan sau biyu, abin da ke nuna cewa robar da aka tsara don yanayin Faransa tana cin shekarunta da sauri a ƙasar da zafin bazara ke kaiwa digiri 40. Na biyu shi ne ozon, wani nau'in oksijin mai kaifi da ke cikin iska kaɗan-kaɗan, wanda ke yanka zaruruwan roba a duk inda take a miƙe, shi ne kuma ke haddasa ƙananan tsage-tsagen nan da ake gani a jere a gefen tsohuwar taya. Na uku shi ne mai, domin robar asali tana shan baƙin mai da gas da fetur, ta kumbura ta yi laushi har a iya ɓantarar ta da farce, kuma tsohuwar motar da injinta ba ya yoyo a wannan yanki abin nema ce. Ga ƙurar hunturu da ke shiga duk wata tsaga ta riƙa gurzar ta, ga ruwan damina da ke sa tsatsa ta ci ƙarfe ta ƙarƙashin roba har ta ɓamɓare ta. A kan duk wannan sai a ɗora lodi, wanda yawancin masu a-kori-kura ke magance shi ta hanyar ƙara falle a sifirin, dabarar da ke hana motar durƙushewa amma take tura dukkan bugun hanya kan bushin da ke idon sifirin.

Daga nan ne ake fahimtar dalilin da ya sa kalmar sabo ba ta da tabbas a wannan fage. Ƙa'idar ajiyar kayan roba ta duniya, ISO 2230, ta ba da shawarar a ajiye su a wuri mai duhu wanda zafinsa bai wuce digiri 25 ba, nesa da injinan lantarki masu tartsatsi domin suna haifar da ozon, kuma ko a irin wannan kyakkyawan yanayi ta ba robar asali shekara 5 ne kafin a sake gwada ta, robar nitril mai jure mai shekara 7, nau'in EPDM mai jure iska kuma shekara 10. Idan aka auna wannan da shagon kwano a kasuwa, inda kaya ke rataye a igiya rana tana dukan su, janareta yana ruri a ƙofa, mai walda kuma yana aiki a shagon da ke maƙwabtaka, za a ga cewa bushin na asali da ya kwana shekara 15 a can yana iya zama matacce tun bai hau mota ba. Masu tsofaffin motoci a Turai sun sha wannan darasi da tsofaffin kayan kamfani da ba a taɓa buɗe kwalinsu ba, shi ya sa suke rububin irinsu idan ƙarfe ne, amma su yi taka-tsantsan idan roba ce.

Wannan ma'auni ya shafi kayan Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga motocin da aka yanka a Turai, waɗanda direbobi da yawa suka fi amincewa da su a kan sababbi. Amincewar tana da tushe, domin hannun ƙafa na Beljiyam ƙarfensa na asali ne, robar da ke jikinsa kuma kamfanin da ya san aikinsa ne ya haɗa ta. Amma robar ta riga ta yi shekarun motar da aka ciro ta, kuma ganin ta sumul a kasuwa sau da yawa albarkacin sanyin ƙasar da ta fito ne, sai ta yi bazara ɗaya a nan tsufanta ya bayyana a lokaci guda. Hanya mafi dacewa ita ce a sayi ƙarfen na Beljiyam idan na motar ya lanƙwashe, a kuma ɗauki robar da ke jikinsa a matsayin ta wucin gadi.

Akwai kuma robar da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota, wadda 'yan boko ke yi wa kallon raini, alhali ba ta cancanci raini ba. Fuskar tayar tirela tana ɗauke da kaso mai yawa na robar asali, an kuma haɗa ta da baƙin gari da magungunan kariya masu kyau domin an yi ta ne don ta jure zafi da nauyi, saboda haka guntun da aka yanko daga cikinta yana iya fin jabun da ke cikin kwali nesa ba kusa ba. Mai wannan sana'a yana zaɓar wuri mai kauri wanda babu waya a ciki, ya fere shi da wuƙa yana tsoma ta a ruwa don ta yi santsi, ya huda tsakiya da bututu mai kaifi, ya daidaita shi da tsohon da aka kawo masa. Irin wannan yana aiki a idon shakazoba, da matashin sifirin, da dunƙulen tare ƙafa, da maratayin salansa, wato wuraren da ake danna roba kawai. Inda ba ya aiki shi ne hannun ƙafar gaba, domin a can robar ce ke riƙe saitin taya, kuma kuskuren milimita biyu ya isa ya sa taya ta cinye gefe guda, motar kuma ta riƙa fizga idan aka taka birki.

A Turai da Ostareliya amsar da ta yi tashe ita ce foliyuretan, wani sinadari da Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937, wanda kamfanoni irin su Polybush da Powerflex da SuperPro ke yin bushin masu launin ja ko shuɗi ko rawaya da shi. Ba ya jin mai, ozon ba ya tsaga shi, ana kuma iya sassaƙa shi daga sanda a kan inji gwargwadon awon da ake so, wanda babban alheri ne ga motar da aka daina yi wa kaya. Sai dai yawancinsa ba ya murɗewa kamar roba, zamewa yake yi a kan bututun ciki, don haka yana buƙatar giris, giris kuwa idan ya haɗu da ƙurar burji ya zama abin gurza. Wasu nau'o'insa kuma suna rugurgujewa a wuri mai zafi da laima. Mafi muni shi ne taurinsa, domin bugun da robar asali ke shanyewa shi yana miƙa wa ƙarfe ne kai tsaye, ƙarfen da ya yi shekara 30 yana shan wahala kuma yana iya tsagewa a mahaɗarsa. Yana da kyau a sandar kwana da idon sifirin, amma cika ƙafar 504 da shi, ko da farar roba mai tauri da wasu masu injin sassaƙa ke ferewa, yana kashe laushin da ya sa aka so motar tun farko.

Mai saye ba shi da ɗakin gwaji, amma akwai abubuwan da hannu da ido ke iya ganowa. Abu na farko shi ne ya tafi da tsohon a matsayin samfur, a auna faɗin ciki da na waje da tsawo, maimakon a dogara da sunan mota. Taurin roba ana auna shi da ma'aunin Shore A, wanda ya tashi daga 0 zuwa 100, robobin ƙafa kuma galibi suna tsakanin 50 da 75, kusa da taurin fuskar tayar ƙaramar mota, don haka danna farce a jikin taya sannan a danna a jikin bushin yana ba da kimantawa: idan farce ya shiga ya bar alamar da ba ta dawo ba, ko kuma bai shiga ba sam, to akwai magana. Ana lanƙwasa robar a cikin haske a duba ko ƙananan tsage-tsage za su buɗe, ana duba bakin da ta haɗu da ƙarfe ko akwai rata, ana goga ta a farar takarda domin mai yawan cikon banza tana barin baƙin shafi, wadda aka yi da tsohuwar taya kuma sau da yawa tana da ƙauri mai ƙarfi. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne, farin toka-toka da ake gani a jikin sabuwar roba yawanci kakin kariya ne da ya tsatso waje, alama ce mai kyau, alhali baƙi mai sheƙi yana iya zama mai ne aka shafa don jan ido. Kamfanoni na gaske irin su Lemförder da Paulstra da Sasic sukan sa tambari ko lamba a jikin kayan, ba a kwali kaɗai ba, wasu kayan ma suna ɗauke da alamar shekarar ƙira, kuma direban da ya riga ya koyi karanta lambobi huɗun nan na mako da shekara a gefen taya bai kamata ya kasa neman irinsu a nan ba. Duk da haka tambari ma ana kwaikwayonsa, shi ya sa ɗan kasuwar da ya yarda a dawo masa da kaya idan ya mutu da wuri ya fi kowace alama daraja.

Robobi da yawa da ake ɗora wa laifin jabu a gareji aka kashe su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure notin bushin tam alhali motar tana kan jak, ƙafarta na reto, domin idan aka sauke ta nauyi ya zauna, robar za ta kasance a murɗe tun kafin a motsa, kowane rami kuma ya ƙara mata murɗa a kan murɗa har ta yage cikin makonni. Daidai shi ne a ɗaura noti sako-sako, a sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a shiga ƙarƙashi a ƙarasa ɗaurewa, ga motar da kullum take cikin lodi ma ya fi kyau a yi hakan da ɗan nauyi a bayanta. Cusa bushin da guduma yana lotsa bututun waje, ƙona tsohon da wuta don ya fita yana iya raunana hannun ƙarfen, shafa masa giris ko baƙin mai don ya shiga da sauƙi kuma yana fara cin robar tun ranar farko, alhali ruwan sabulu ya wadatar. Wasu bushin suna da ramuka a jikinsu waɗanda dole su fuskanci wata kusurwa, don haka ana yin alama kafin a cire tsohon. Ana canza na dama da na hagu tare, a toshe yoyon mai da ke ɗiga a kansu, a duba shakazoba domin matacciya tana barin roba da aikin da ba nata ba, sannan a kai motar a yi mata saitin ƙafa.

Lissafin kuɗi ma yana goyon bayan mai tsada idan aka yi shi cikakke. Farashin bushin ƙanƙane ne idan aka kwatanta da kuɗin aiki, da kuɗin motar wanda zai je Kano ya sayo, da ranar kasuwar da za a rasa, da tayar da za ta cinye kafin lokacinta. Ga mai mota a Riruwai, wanda ke can ƙarshen jihar kusa da iyakar Kaduna da Bauchi, kwance ƙafa sau uku a shekara ya fi sayen mai kyau sau ɗaya tsada ƙwarai, ban da haɗarin motar da sitiyarinta ke yawo tana ɗauke da lodi da fasinja a tsakiyar dajin Falgore. Lokacin da ya fi dacewa a duba ƙafa shi ne ƙarshen damina, kafin jigilar kaka ta kankama, ta hanyar zura ƙarfen cire taya a kowace gaɓa a ɗan banƙara a ga ko akwai wasa.

Abin takaici a nan shi ne Nijeriya tana noma bishiyar roba a jihohin Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba, tana da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, amma yawancin abin da ake tatsa ɗanye ake fitar da shi, musamman bayan Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Ikeja a 2008, abin da ya tarwatsa ƙwararrun da suka san haɗin roba. Ƙera bushin ba ya buƙatar babbar masana'anta, domin injin cuɗa roba da mazubin ƙarfe da matsi mai zafin da ya kai wajen digiri 150 sun isa, kuma akwai masu yin kayan roba na mota a Nnewi. Abin da ke da wuya shi ne riƙe haɗi ɗaya ba tare da ha'inci ba, da gwada shi ta hanyar gasa samfur a tanda mai digiri 70 na wasu kwanaki a ga yadda taurinsa zai canza, da saka shi a akwatin ozon a ga ko zai tsage, wanda aiki ne da ya rataya a wuyan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, wadda ke da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005. Kulob-kulob na masu tsofaffin motoci a Turai sun saba haɗa kuɗi su biya a yi musu mazubi, su yi odar ɗaruruwa a lokaci guda daga masana'antar da suka zaɓa, kuma ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW, waɗanda ke da rassa a faɗin Jihar Kano, suna da yawan motocin da zai sa irin wannan oda ta biya kuɗinta, muddin an rubuta wa mai ƙira awon kayan, da nau'in robar, da taurinta a ma'aunin Shore A, da sharaɗin ya buga wata da shekarar ƙira a jikin kowane guda.